Haƙorin Don Telmo da Kuɗin Gwamnati

Don Telmo Insfrán ya yi shekara arba'in da wani abu yana fito da kwalekwale a tasharmu ta Villeta, kuma a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa ce masa kyakkyawa, har matarsa Ña Fidelina, wadda mace ce mai tsoron Allah, ba ta ƙarya. Ni na riƙe masa 'yarsa ta fari ranar baftisma, shi ya sa yake ce mini komadre, ni ina ce masa kompadre, kuma wannan zumunci ya ba ni izinin faɗin abin da wasu ke rufewa. Teburina yana bakin tasha, gefen inda yake ɗaure kwalekwalensa. A nan nake daka ganyayen da mutane ke zubawa a ruwan tereré, shayinmu na ruwan sanyi da ake zuƙa daga ƙaho da bututu: akwai mai sanyaya ciki, da mai wanke ƙoda, da mai sa miji ya tuna hanyar gida. Duk abin da ya same shi, a gaban turmina ya same shi.

Haƙori ɗaya gare shi a gaba, na sama. Dogo ne, rawaya, ya ɗan karkata hagu kamar turken da kwalekwale ya daɗe yana ja. Sauran sun tafi ɗaya bayan ɗaya: biyu filafili ya ɗauke su, uku wani sajan ya cire masa da filaya lokacin yana soja, ragowar kuma giyar rake ta yi musu rakiya. A ƙasar nan tamu ta Paraguay kuwa, inda ranar Lahadi ko talaka sai ya hura gawayi ya gasa haƙarƙarin shanu, mutum marar haƙori abin tausayi ne. Sai ka ga Don Telmo ya karɓi rabonsa, ya tsotse gishiri da mai, ya miƙa wa kare. Karen gidansu ya fi kowa ƙiba a unguwar, har mai unguwar. Burin mutumin nan a duniya bai wuce ɗaya ba: ya sa haƙoran roba, ya tauna nama da bakinsa kafin ya mutu.

Ana nan sai ga Lisandro. Saurayi ne ɗan Asunción, babban birninmu, ya yi karatun shirya fim a Turai, ya dawo da tabarau da wani ƙyalle naɗe a wuya, a wannan zafin namu da ke dafa ƙwai a kan jirgin ruwa. Ya zauna a bencina, aka miƙa masa ƙahon tereré kamar yadda ake miƙa wa kowa, sai ya goge bakin bututun da gefen rigarsa kafin ya zuƙa. Tun daga nan na san me zan yi da shi. Yana cikin zuƙa Don Telmo ya yi hamma.

"Baba! Tsaya! Kada ka rufe!"

Don Telmo ya tsaya baki buɗe, yana zaton kunama ce a kafaɗarsa. Yaron ya haɗa yatsu ya yi kamar taga, ya leƙa ta ciki, ya ja da baya, ya matso.

"Wannan ita ce fuskar ƙasarmu," in ji shi.

Na ce, "In fuskar ƙasarmu ce wannan, ɗan nan, to a kai ƙasar asibiti."

Bai yi dariya ba. Masu ƙyalle a wuya ba sa dariya sai an gaya musu wurin.

Ya bayyana mana cewa ofishin gwamnati mai tallafa wa masu shirya fim ya zaɓi labarinsa cikin guda sittin. Labarin na yini ɗaya ne tak: wani tsohon mai fito yana tuƙa kwalekwale daga safe har faɗuwar rana, ba fasinja, ba magana, yana kallon ruwa, ruwa yana kallonsa. A ƙarshe sai ya juyo ya yi murmushi, haƙorin ya cika allo, shi ke nan.

Ña Fidelina ta ce, "Wa zai biya kuɗi ya kalli wannan? Ni kullum kyauta nake gani, kuma ban taɓa tafi ba."

Don Telmo bai nemi kuɗi ba. Mutum ne mai kai, ko da yake bai cika amfani da shi ba. Ya ce shi ladansa haƙora, cikakken jeri, sama da ƙasa, ranar da aka gama. Lisandro ya rantse a gabana da gaban Ña Fidelina. Shi ma ya kafa nasa sharaɗin: tunda labarin yini ɗaya ne, dole Don Telmo ya zauna yadda yake har a gama. Gemu kada ya ƙaru kada ya ragu, hular kaba ita ce dai, riga ita ce dai, haƙori kuwa ko ƙuda kada ya taɓa shi.

"Kwana nawa ne aikin?" in ji Don Telmo.

"Sati uku, Baba. In ya yi yawa wata ɗaya."

Abin da bai gaya mana ba, don shi ma bai san zurfinsa ba, shi ne ofishin ba ya ba da kuɗin gaba ɗaya. Kashi uku ne, kuma ba a sakin na biyu sai an kai takardu sun nuna yadda aka yi da na farko, an duba, an buga hatimi, wanda zai buga hatimin kuma yana hutu.

Da kashi na farko aka ɗauki safiya. Mutum goma sha tara suka sauka a tasharmu da fitilu da wayoyi da wani dogon sanda mai gashi a kai, suka hana kaji cara, suka hana ni daka. Kwana tara suka yi, suka ci abinci kamar fara ta sauka a gona, kuɗi suka ƙare. A fim ɗin agogo bai wuce ƙarfe goma na safe ba.

"Wata biyu, Baba, mu dawo," in ji Lisandro.

A cikin wata biyun aka yi zaɓe. Sabuwar gwamnati ta kawo sabuwar shugabar ofis, wata Madam Brítez, ita kuma ta kawo sabon fom, domin ba shugaban da zai yarda ya yi aiki da fom ɗin wanda ya gada. Aka ce a sake cikewa. Aka ce hoton da aka liƙa ya yi ƙanƙanta. Azahar ɗin fim ba ta iso ba sai bayan shekara biyu da rabi, ranar da ta iso kuma kogi ya yi ambaliya ya shanye bishiyar da ta fito a bayan Don Telmo da safe, aka jira ruwa ya janye wata huɗu.

Duk wannan lokacin Lisandro yana hawo bas duk ƙarshen wata, da hotunan ranar farko a jaka da abin awon tela. Ya zaunar da kompadrena a bencina ya auna gemu, ya datse abin da ya ƙaru, ya ce a buɗe baki, ya gaisa da haƙorin kafin ya gaisa da mai shi. Rigar kuwa Ña Fidelina ta ƙulle ta a leda a saman kwaba, an hana ta wankewa, don akwai wani tabon man kifi a ƙirji da ya riga ya shiga tarihi. Ranar auren jikarsu, Don Telmo ya je coci da gemun fim, ya tsaya a hoto kamar wanda aka tsamo daga kogi.

Amma fa ya ji daɗin abin, kada in yi masa ƙarya. Ya fara tafiya a hankali. In fasinja ya yi masa magana sai ya daɗe yana kallon ruwa kafin ya amsa.

Na ce, "Kompadre, kyamarar ta tafi tun bara. Mutumin canjinsa yake tambaya."

"Ke ba ki san harkar ba, komadre. Darakta ya ce kada in fita daga cikin mutumin."

"Wane mutumin? Kai ne fa mutumin. Shekara arba'in kana cikinsa ba wanda ya biya ka."

A shekara ta huɗu haƙorin ya fara ciwo. Da fari in ya sha ruwan sanyi ne, har ya koma karɓar ƙahon tereré yana zuƙa ta gefen baki kamar agwagwa. Daga baya ba sanyi ba zafi, ciwo dai. Na ba shi kanumfari, na daka masa duk ganyen da na sani da biyu da ban sani ba. Leɓensa ya kumbura ya yi kamar mangwaro. Ña Fidelina ta ja shi asibitin gari, likita ya leƙa sau ɗaya ya ce a cire yau.

Labari ya kai Asunción kafin su dawo gida. Lisandro ya zo a motar haya, ya durƙusa a kan yashi a gaban mutane.

"Baba, in haƙorin nan ya fita, fim ya mutu. Murmushin ƙarshe ba mu ɗauka ba. Shekara huɗu na rayuwata, Baba. Na sayar da motar mahaifiyata."

Ña Fidelina ta ce, "Sai ka sayar da ƙyallen wuyan ma. Mijina ba ya barci."

Don Telmo ya riƙe kunci. Lissafinsa a fili yake: in fim ya mutu, alkawari ya mutu, shi kuma zai koma kabari yana tsotsar nama. Ya ce a bar haƙori.

Lisandro, don a ce ya yi wani abu, ya rubuta wa ofis yana roƙon a biya kuɗin jinyar haƙorin, a kashe ciwon ba tare da an cire ba. Amsa ta zo bayan wata biyar, da hatimi biyu. Sun ce asusun na raya al'adu ne ba na lafiya ba, a tuntuɓi ma'aikatar lafiya. Ma'aikatar lafiya ta ce ita cirewa kawai take yi. Haka Don Telmo ya yi shekara biyu cur yana lallaɓa haƙorin nan kamar jariri bakwaini. Ba ya cin komai sai romon kaza da dunƙulen masara, in zai ci chipa, burodinmu na garin rogo da cuku, sai ya jiƙa ta a shayi ta yi laushi tukuna. Ya rame, Lisandro ya duba hotuna ya ce ba laifi, mutum yakan faɗa da yamma.

Kashi na uku ya fito a shekara ta shida, ana cikin makon Ista. Nan ne na shigo cikin labarin da laifina, kuma ba zan ɓoye ba.

Kowa ya san yadda muke yi. Ranar Laraba kowace mace ta cika tanderu da chipa, saboda ranar Juma'a ba a hura wuta, ba a girki, ita za a ci. Kowa ya aika wa maƙwabta da 'yan'uwa, kuma chipar komadre ba a mayar da ita, ba a ajiye ta, a gabanta ake gutsura a yaba. Kowa kuma ya san chipar Laraba in ta kai Juma'a ta zama dutse. Tawa ta fi ta kowa, don ni ba na rowar gari, rowar mai nake yi.

Ranar Juma'a na kai musu kwando. Na tarar da Don Telmo a tsakar gida ya ajiye waya ke nan, fuska kamar an yi masa albishir da aljanna.

"Komadre, kuɗi sun fito! Ranar Talata za a ɗauki murmushi!"

Na ce, "Madalla. Ga chipa."

Murna ta sa ya manta shekara shida. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga ta sama kamar kofin gasa, ya kafa mata haƙori.

Ba a ji ƙara ba. Ya dai janye chipar daga baki, sai ga haƙorin tsaye a cikinta, ya karkata hagu kamar kullum. Muka tsaya mu uku muna kallonsa. Ña Fidelina ta yi alamar gicciye. Don Telmo ya zagaya harshe a wurin, ya ce a hankali, "Ya daina ciwo." Sannan ya fashe da kuka.

Lisandro ya iso washegari, ya karɓi chipar da hannu biyu. Ya zauna a bencina yana kallon haƙorin da ke cikinta, har na tausaya masa na miƙa masa ƙaho, ya zuƙa bai goge ba. Shekara shida sun koya masa wannan aƙalla. Can sai ya miƙe zumbur ya ce a ba shi biro.

Wannan karon bai rubuta jinya ba. Ya rubuta cewa ana bukatar kayan wasa guda ɗaya, haƙorin roba, ruɓaɓɓe, don kammala fim. Ofis ya amince cikin kwana huɗu.

Aka kai Don Telmo wurin wani likitan haƙori a unguwar masu kuɗi a Asunción, ni na raka shi don Ña Fidelina ta ce in ta je za ta yi zagi. Kujera mai kwanciya da kanta, sanyi kamar cikin firij, kifaye a cikin gilashi. Likitan ya ajiye haƙorin asali a faranti yana kwaikwayo. Sau uku muna komawa, don na farko Lisandro ya ce ya yi fari, na biyu ya ce bai karkata yadda ya kamata ba. A zuwa na uku Don Telmo ya yi ƙarfin hali.

"Likita, don Allah, cikakken jeri farare nawa ne?"

Likitan ya faɗa. Bai kai kuɗin ruɓaɓɓen ba.

"Farare a kwali suke zuwa, Baba," in ji shi. "Wannan kuwa aikin hannu ne."

Aka ɗauki murmushi. Sau ashirin da shida ya yi shi kafin rana ta faɗi. Aka gama.

Bayan shekara aka nuna fim a silimar wani babban kanti a Asunción. Muka cika bas daga Villeta, kowa da kayan coci. Awa biyu da minti goma. Ña Fidelina ta yi barci tun ƙarfe tara na safen fim ɗin, ta farka da la'asar ta tambaye ni ko wani ya hau kwalekwalen, na ce a'a, ta koma. Amma da kompadrena ya juyo ya yi murmushin nan, haƙori ya kai tsawon ƙofa a allo, zan faɗi gaskiya, sai ga ni ina share ido. Na ce ƙila sanyin ɗakin ne. Washegari mutum goma sha ɗaya suka shiga. Da sati ya cika aka sauke shi aka sa na Amurka mai mutane masu tashi sama.

Don Telmo ya jira sati biyu, don kunya, sannan ya tambayi haƙoransa. Lisandro ya kasa kallonsa. Ya ce ya sa su a takarda, ofis ya soke, wai ba sa cikin abin da doka ta yarda. Shi kuma ba shi da ko sisi, a ɗakin ƙanwarsa yake kwana. Na yarda da shi, takalminsa ya ba da shaida. Bai gama ba sai ya zaro wata takardar. Duk kayan da aka saya da kuɗin gwamnati dole a mayar wa ofis a ajiye: filafili ɗaya, fitila biyu, haƙori ɗaya, lamba arba'in da bakwai.

Kompadrena ya ninke takardar ya sa a hula. Ya tafi ya kwance kwalekwale.

Sai kuma fim ya ci kyauta a wata ƙasa mai ƙanƙara, inda aka ce mutane sun miƙe tsaye suna tafi minti bakwai, ƙila don su ji ɗumi. Nan take ofis ya tuna nasa ne. Aka shirya biki da rana tsaka, da 'yan jarida da talabijin, aka aiko wa Don Telmo mota, aka ce ya zo da rigar fim da haƙorin fim. Madam Brítez ta hau mumbari da takalmi mai tsini ta yi minti arba'in tana bayanin yadda gwamnati ke riƙe da hannun ɗan ƙasa. Ta kira shi fuskar ƙasarmu, ita ma. Ya hau, aka ce ya yi murmushin, ya yi. Ta miƙo hannu su gaisa.

Ya sa yatsa biyu a baki, ya ciro haƙorin, ya ajiye mata a tafin hannu, ya naɗe mata yatsu a kai da ladabi.

"Ga kayan gwamnati, ranki ya daɗe. Lamba arba'in da bakwai. A ba ni takardar shaida na mayar."

Makirufo a buɗe yake. Ta tsaya da abin a hannu, da yawunsa da komai, ba ta iya yarwa ba don kyamara, ba ta iya riƙewa ba don Allah. Shi kuwa da ya ga ba wanda ya hana shi, mutumin da ya yi awa biyu a allo bai ce uffan ba, sai ya ba da labari tun daga hamma har chipa. Har sunana ya faɗa, marar kunya, ya ce in rage rowar mai.

Kafin yamma ta yi, ko'ina a waya shi ake kallo. An ce waɗanda suka kalli minti ukun nan sun fi waɗanda suka kalli duk finafinan ƙasar na shekara goma. Kwana tara bayan haka ofis ya gano cewa ashe akwai wani sashe na karrama dattawan 'yan wasa, wanda ba wanda ya taɓa lura da shi.

Da kuɗin sashen aka sa wa Don Telmo haƙoransa. Farare ne, daga kwali, sun ɗan yi masa yawa. In ya yi dariya sai ka ce an buɗe kwabar faranti. Lahadin farko Ña Fidelina ta sayi haƙarƙari kilo uku, muka zauna ƙarƙashin mangwaro muna kallonsa kamar silima, kuma wannan karon ba wanda ya yi barci. Ya yanka, ya sa a baki, ya tauna. Haƙoran suna ƙas-ƙas, na ƙasa suna zamewa yana mayar da su da harshe, gumi yana zuba, bai tsaya ba. Awa uku ya yi. Kare ya zauna a gabansa tun farko har ƙarshe, daga baya ya tashi ya tafi gidan maƙwabta.

Watan jiya Lisandro ya dawo, ba ƙyalle, da furfura biyu-uku. Ya ce ofis ya buɗe sabuwar gasa, yana da labari, wai tsohon mai fiton ne dai, washegari.

"Za ka ɗan cire su ne kawai lokacin ɗauka, Baba."

Don Telmo yana cin gyaɗa, abin da ya koma yi daga safe har yamma don mutane su ji ƙara. Ya tauna, ya haɗiye.

"Ɗana, je ka nemi wani. Baki marar haƙori ba wahalar samu yake ba a ƙasar nan. Bi bakin kogin nan kawai, ka gaishe da duk wanda ka gani."

Yaron ya yi ajiyar zuciya, ya juyo zai karɓi ƙaho, daidai ina dariya, giɓin bakina duk a waje. Sai na ga ya tsaya. Ya fara haɗa yatsu yana yin tagar nan.

Na ɗaga taɓarya na ce, "Haƙora tukuna, ɗan nan, fim daga baya. Sama da ƙasa."

Ya ce zai rubuta wa ofis.